Unguwa mai layuka a buɗe ko unguwa mai geti ɗaya, wacce zaka zaɓa kafin ka zuba kuɗinka a fili?

Duk wanda ya tashi sayen fili ko gida a sabuwar unguwa tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne, takardu sun cika? akwai ruwa, akwai wuta? ruwan sama yana kwanciya a wajen? Duk tambayoyi ne masu kyau, amma akwai guda ɗaya da ba kasafai ake yinta ba, kuma ni a ganina tafi yawancinsu nauyi: titin nan da ya bi ta ƙofar gidan ina ya nufa, yana ɓullewa ko baya ɓullewa, kuma hanya nawa ce take fitar da mutum daga unguwar gaba ɗaya. Ruwa ana jawo shi daga baya, wuta ma haka, gidan kansa in bai maka ba sai ka rushe ka sake wani, amma layi in an riga an yanka shi mutane sun gina hagu da dama to shikenan fa, jikokinka ma a haka zasu tarar da shi.

Ba zancen baki bane. A 1666 gobara ta cinye tsakiyar birnin Landan, gidaje sama da dubu goma sha uku suka ƙone, mai zanen gine-gine Christopher Wren da wasu suka zana sabon tsari mai manyan tituna miƙaƙƙu, amma masu filaye kowa yana son ya koma daidai inda gidansa yake, ƙarshe dai a kan tsofaffin layukan aka sake gina garin, sai ɗan faɗaɗawa nan da can. Gari ya ƙone ƙurmus amma layi bai motsa ba. To ina ga unguwar da ko gobara bata yi ba, kowa yana zaune da takardarsa a hannu.

Tsarin tituna iri biyu ne ake yawan haɗuwa dasu a sababbin unguwanni. Na farko kamar raga yake, layi ya ratsa layi, kowanne ya ɓulle, in ka shiga ta nan zaka fita ta can, in an toshe wannan kwanar ka bi ta gaba. Na biyu kuma kamar bishiya, babban titi shine gindin, sai wani titi ya shigo unguwar ta geti ɗaya ko biyu, daga jikinsa ƙananan layuka su ɓalle kamar rassa, kowane reshe ya je ya mutu a jikin katanga ko a ɗan zagayen juya mota. Duk inda zaka a cikin irin wannan unguwar hanya ɗaya ce tak, kuma ita zaka biyo ka dawo.

Da can yawancin garuruwan da aka zana da gangan raga ake musu. Tsarin Manhattan na New York a 1811 manyan tituna 12 ne a tsaye da ƙananan layuka 155 da suka ratsa su, tun wajen yana gonaki da duwatsu aka kafa alamun. Injiniya Ildefons Cerdà ya zana faɗaɗar Barcelona a 1859, kowane rukunin gidaje murabba'i mai tsawon kamar mita 113, an yanke kusurwoyinsa don a ga abinda ke tahowa a kwana. Mota ce ta canza lissafin. A 1929 Clarence Stein da Henry Wright suka gina Radburn a jihar New Jersey ta Amurka, gidaje suna kan ƙananan layukan da basa ɓullewa don kada mota mai wucewa ta dinga ratsa inda yara suke, amma ka lura da wannan sosai, a bayan gidajen sun bar hanyoyin ƙafa da suka haɗe unguwar duka har makaranta. Daga shekarun 1930 hukumar gwamnatin Amurka mai tsaya wa bashin gidaje ta fara nuna wa magina cewa irin wannan tsarin take so ba raga ba, shi kuma magini in yana son masu sayen gidajensa su samu bashi dole ya bi. Sai aka kwafi layin da baya ɓullewa aka bar hanyoyin ƙafan, don su basa kawo kuɗi.

Wasu masu bincike biyu, Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball, sun auna wannan canjin. Yadda suke yi babu wuya, kowace mahaɗa sai a ƙirga tituna nawa suka haɗu a wajen, mararraba mai hannu huɗu maki 4, mai hannu uku maki 3, ƙarshen layin da ya mutu maki 1, sai a fitar da matsakaici. A aikinsu na 2015 sun nuna cewa a Amurka sababbin tituna sunyi ta raguwar haɗuwa da juna har zuwa wajen 1994 inda abin ya kai maƙura, matsakaicin ya sauko kusan 2.6, daga nan ya fara farfaɗowa. A 2020 suka faɗaɗa aikin zuwa duniya baki ɗaya da taswirar intanet ta OpenStreetMap, tituna masu tsawon kilomita miliyan 46, suka tarar a cikin ƙasashe 134 mafi yawan jama'a, kashi 90 cikin ɗari na ƙasashen titunan da suke ginawa tun 1975 ƙara rabuwa da juna suke yi, kashi 29 ne kawai suka nuna alamar gyaruwa daga 2000. Wato ita Amurkan da ta yaɗa salon ta fara ja da baya, sauran duniya kuma yanzu suke shiga da ƙarfinsu, musamman kudu maso gabashin Asiya, garuruwa irin su Bangkok a Tailan da Cebu a Filifin, inda rukunin gidaje masu geti suke ta fitowa. Abinda yafi damuna a sakamakon shine wajen da ya fara da irin wannan tsarin yakan ci gaba da shi ne, domin wanda zai yanka fili a bayan katangar wani estet bashi da layin da zai jona nasa, dole shima yayi nasa getin ya fuskanci babban titi.

To yanzu kai da kake tsaye da kuɗinka, me kowanne zai baka?

Mu fara da inda mai geti yafi ƙarfi, don gaskiya yana da nasa. Shiru. Layin da baya ɓullewa babu mai shigarsa sai ɗan layin ko baƙonsa, babu mai gudu don ya yanke hanya, yara zasu fito da kekensu da ƙwallo uwa tana ciki hankalinta a kwance. Wannan ba ƙaramin abu bane kuma duk mai cewa raga tafi komai ta kowane fanni bai yi adalci ba. Wani mai bincike, Donald Appleyard, ya gwada tituna uku a San Francisco ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960, ɗaya motoci kamar 2,000 suke binsa a rana, wani kamar 16,000, ya tarar mutanen titi mai ƙarancin mota abokansu a cikin layin sun ninka na mai yawan motar kusan sau uku. Yawan mota yana raba maƙwabta, wannan tabbas ne. Sai dai a kula, abinda ya auna yawan mota ne, titunan nan uku duk a cikin raga suke. Ana iya samun layi mai shiru ba tare da an kashe ƙarshensa ba, zan zo kan wannan.

Maganar tsaro ita ce take sa yawancin mutane su zaɓi geti, kuma a nan ma akwai hujja a ɓangarensu. Shane Johnson da Kate Bowers sun duba fasa gidaje a yankin Merseyside na Ingila, aikin ya fito a 2010, suka ga gidajen da ke kan layin da baya ɓullewa anfi ƙyale su, waɗanda ke kan titin da jama'a ke yawan ratsawa anfi shiga musu. Dalilin a fili yake, ɓarawo gidan da ya saba gani yake shiga, kuma yana son hanyar gudu fiye da ɗaya. A unguwar Five Oaks ta garin Dayton a Amurka ma a 1992 an toshe bakin layuka da ƙyauren ƙarfe bisa shawarar mai zanen gine-gine Oscar Newman, laifuka suka ragu. Amma tsugune bata ƙare ba, domin wasu bincike a Ingilan sun nuna cewa layin da ya mutu ga mota amma yana da ɗan siririn lungu mai duhu a bayan gidaje, shi yafi kowanne haɗari, ɓarawo ya samu hanyar fita kuma babu idon kowa a wajen. Kuma tsaron geti na cikin katanga ne kawai. Da ka fito, doguwar katanga ce hagu da dama, babu ƙofar gida babu taga babu shago, mace ko yaro ko mai aikin da ya sauka daga motar haya da daddare shi zai bi wannan wajen a ƙafa shi kaɗai, kuma yawanci ba mai gidan bane ke yin wannan tafiyar shi yasa baya lissafa ta lokacin sayen.

Yanzu nisa. A nan ne bishiya take cin mutum a hankali bai sani ba. Ka ɗauka gidanka yana ƙarshen layi, makarantar yaranka tana bayan katangar estet ɗin, daga tsakar gidanka kana jin ƙararrawarsu kana jin hayaniyar tashi, tsakaninku bai fi mita ɗari ba in da akwai ƙofa. Amma babu. Yarinya 'yar shekara bakwai sai ta fito layinku ta miƙe har titin tsakiya, ta bi shi har geti, ta fita babban titi mai hannu biyu inda manyan motoci ke gudu, ta bi gefensa ta zagayo ta shiga titin makarantar, tafiyar mita ɗari ta koma kilomita ɗaya da rabi ko biyu. Ba zaka barta ta tafi a ƙafa ba, ba uban da zai yarda, don haka kullum safe da rana sai an tada mota, kai da duk maƙwabtanka, a lokaci ɗaya, ta geti ɗaya. Ka je bakin irin wannan getin da ƙarfe bakwai da rabi na safe ka tsaya, gani ya kori ji, motoci a jere har cikin layuka, maigadi yana ɗaga sanda yana saukewa, na gaba ya sa hancin motarsa yana jiran wani ya tausaya ya bashi hanya a babban titi, shi kuma babban titin ya riga ya cika da mutanen sauran estet goman da suma ƙofarsu ɗaya ce kuma duk a kansa take.

A raga kuwa, ka lissafa da kanka, in zaka je wajen da yake layi uku gaba da layi uku gefe, hanyoyi 20 ne daban-daban masu tsawo ɗaya zasu kaika. Motoci sai su watsu, babu titi ɗaya da ke ɗaukar nauyin kowa. Mai tafiya a ƙafa kuma kusan miƙe yake zuwa inda zashi. Mutum yana cin kamar mita 400 a minti biyar, kuma yawancin mutane in tafiya ta wuce minti goma sai su nemi abin hawa, to duk zagayen da tsarin unguwa ya ƙara maka daga cikin wannan minti goman yake ci. Reid Ewing da Robert Cervero sun tattara bincike masu yawa a 2010, kuma cikin abubuwan da suka fi tafiya tare da yawan tafiyar ƙafa akwai yawan mahaɗar tituna a unguwa, har tafi cunkoson jama'a kansa tasiri. Girman rukunin gidaje ma yana da nasa, a Amurka tsakiyar garin Portland kowane rukuni kamar mita 61 ne, a garin Salt Lake City kusan mita 200, duk raga ne amma tafiya a cikinsu ba ɗaya ba. Saboda haka kada dillali ya nuna maka taswira mai layuka a miƙe kace shikenan, ka tambayi tsawon layin kafin a kai kwana ta gaba, in ya haura mita 200 babu inda ake ratsawa to ragar tayi faɗin ido da yawa.

Haɗarin mota fa? A nan ba kai tsaye amsar take ba. Mararraba mai hannu huɗu tana da wurare 32 da hanyar mota zata iya cin karo da ta wata, mai hannu uku 9 kawai, shataletale 8, shi yasa injiniyoyin da suka fara gudun raga ba wauta suka yi ba, kuma doguwar hanya miƙaƙƙiya mai faɗi tana kiran gudu ko a wace unguwa take. A cikin layin da baya ɓullewa haɗari kaɗan ne. Amma ai ba a cikin layin mutum yake kwana ya tashi ba, duk tafiyarsa sai ta bi ta babban titin nan mai gudu, kuma can ne ake mutuwa. Wesley Marshall da Norman Garrick sun duba garuruwa 24 a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka ga inda mahaɗar tituna tafi yawa a ƙaramin waje haɗarin yafi ƙaranci har da mai kisa, inda kuma aka ƙara wa manyan tituna hannuwa haɗarin ƙaruwa yake. Gajerun layuka masu yawan kwana suna tilasta wa direba ya rage gudu, kuma gudun shine yake kisa.

Akwai ranar da ba'a fata. Gobara, ambaliya, mara lafiya da tsakar dare, ko kawai babbar mota ta lalace a bakin geti ko kwalbatin shiga ya rufta. A watan Nuwamban 2018 gobarar daji ta afka wa garin Paradise a Kalifoniya, mutum 85 suka rasu a gobarar, garin yana da 'yan hanyoyin fita ƙalilan ne, suka cushe, wasu a cikin motocinsu wutar ta same su. Ba sai abu ya kai haka ba, motar kashe gobara ko ta asibiti in zata zagaya kilomita biyu don ta isa gidan da take hangowa, mintocin nan a jikin wani suke fita. Ni in unguwa tana da gidaje ɗari biyu ko uku kuma ƙofarta ɗaya ce, wallahi komai kyan gidan sai na yi tunani sau biyu, kuma in an ce min akwai ƙofar baya ta gaggawa sai na je na ganta da idona, na tambayi wa ke riƙe da makullin da ƙarfe biyun dare.

Ta fuskar kuɗi kuwa, wanda ya yanka filin shi yake cin ribar bishiya. Kwalta kaɗan zai zuba, fulotai sun fi yawa, kuma baya buƙatar ya zauna da mai filin da ke maƙwabtaka da shi su daidaita inda layukansu zasu haɗu. Ya sayar ya tafi. Ɗawainiyar tana zuwa daga baya kuma a kan mazauna da hukuma take sauka, man mota na kullum, mota ta biyu saboda uwargida ma bata da yadda zata fita, kuɗin maigadi da gyaran titin ciki da fitilu, motar shara tana shiga kowane layi tana juyowa, bututun ruwa da ya mutu a ƙarshen layi maimakon ya zagayo ya haɗu da wani, in ya fashe a sama duk na ƙasa sun rasa ruwa. Motar haya kuma bata shiga wajen da sai ta juyo ta fito ta inda ta shiga, a bakin titi zata ajiye mutum. Jihar Virginia ta Amurka a 2009 har doka ta kafa cewa ba zata karɓi ɗawainiyar titunan sabuwar unguwa ba sai sun haɗu da na maƙwabta, duk da daga baya an sassauta ta. Ƙasar Sin ma a 2016 gwamnati ta fitar da umarnin a daina gina manyan rukunin gidaje masu katanga, a koma ƙananan tituna masu yawa, waɗanda aka riga aka gina kuma a dinga buɗe su sannu a hankali, mazauna suka yi ta ƙorafi don sun biya kuɗin katangarsu, kaga wahalar gyara bayan an gama gini kenan.

Abinda mutane suka fi mantawa shine unguwar da ka gani yau ba ita zaka zauna a ciki ba nan da shekara ashirin. Yau tana bakin gari, bayanta gonaki, babban titin babu kowa, minti goma ka isa wajen aiki. Gari kuma baya tsayawa, zai zo ya wuce ka. Raga tana iya ɗaukar wannan canjin, gidan kwana ya koma shago, wani ya zama asibiti ko makaranta, bene ya maye gurbin gidan ƙasa, motar haya ta samu layin bi, Manhattan da Barcelona duk a kan zanen da akayi tun kafin a ƙera mota suke tafiya har yau. Bishiya kuwa an yanka ta ne daidai adadin gidajen ranar farko, shago a ƙarshen layin da babu mai wucewa ba zai yi ciniki ba, sai duk kasuwanci ya taru a bakin babban titi ya ƙara cushe shi, hukuma ta faɗaɗa titin, tsallaka shi ya ƙara wuya, ƙarin mutane su koma mota. In kuma an ce a fasa sabuwar hanya ta cikin unguwa, to maganar rusau ce da diyya da kotu, shekaru ana abu ɗaya. Amma fa in faɗi gaskiya canjin nan da raga ke karɓa shi wani yake gudu, wanda ya sayi gida don shiru bazai ji daɗi ba ranar da layinsa ya zama hanyar yanke ga masu gudun gosulo, ko aka buɗe wajen walda a kwanarsu.

Shi yasa ni zaɓina ba ɗaya daga cikin biyun nan bane zalla, akwai na uku, kuma shine asalin abinda Radburn ta so yi. A bar layuka duk a haɗe ga mai ƙafa da mai keke, mota ce kawai za'a hana ratsawa. Garin Houten a ƙasar Holan haka aka gina shi, titin mota ya zagaye garin, in zaka daga unguwa zuwa unguwa a mota sai ka fita zagayen ka sake shigowa, mai keke kuwa miƙewa yake ta tsakiya, har ya riga mai motar isa. Groningen, ita ma a Holan, ta raba tsakiyar garinta kashi huɗu a 1977, mota bata tsallakawa daga wannan kashin zuwa wancan kai tsaye, Ghent ta ƙasar Beljiyam tayi makamancin haka a 2017. Barcelona kuma a 2016 a unguwar Poblenou ta haɗa rukunin gidaje tara, uku ta nan uku ta can, mota mai wucewa ta bi ta gefe, ta ciki kuma gudunta kada ya wuce kilomita 10 a awa. Ka dubi abinda ya sa Barcelona ta iya, ragar tana nan tun farko, sandunan ƙarfe da tukwanen fulawa kawai aka kafa, in gobe an ga ba daidai ba a cire, motar kashe gobara ma ana barin mata yadda zata wuce. Raga ana iya mayar da ita mai shiru da ɗan kuɗi kaɗan, amma layin da ya mutu a jikin ɗakin kwanan wani babu sandar da zata buɗe shi. Sharaɗin kawai, hanyar ƙafan ta zama mai faɗi, gajeriya, ana hango ƙarshenta daga farkonta, da fitila, ƙofofin gidaje suna kallonta, ba siririn lungu tsakanin katanga biyu ba, in ba haka ba an koma matsalar ɓarayin nan da na faɗa.

Kafin ka biya, buɗe Google Maps ka sa hoton sama. Ka ɗora yatsa a kan fulotin, ka ƙirga ƙofofin da mota zata fita zuwa manyan tituna, kuma ka duba ko duk a kan titi ɗaya suke zubewa, don ƙofa biyu a kan titi ɗaya kusan ƙofa ɗaya ce. Sai ka zaɓi wurare uku da iyalinka zasu dinga zuwa kullum, makaranta, wajen cefane, inda ake hawa motar haya, ka auna nisan a miƙe sannan ka auna na tafiyar ƙafa, in na ƙafan ya ninka na miƙen sau biyu to ka san gidan nan sai da mota. Ka ƙirga layukan da suka mutu a kewayen, in cikin kowace mahaɗa uku akwai mataccen layi ɗaya to bishiya ce ko da an kira ta da wani suna. Kuma kada ka yarda da taswirar takarda kaɗai, ka taka wajen, sau da yawa layin da aka zana yana ɓullewa zaka tarar wani ya ja katanga ya haɗe shi da gidansa.

Wa ya kamata ya ɗauki mataccen layi? Mai ƙananan yara da ke da mota tabbatacciya, in layin gajere ne, gidaje goma ko ashirin, kuma da ka fito bakinsa ka faɗa cikin titunan da suke haɗe da juna, wannan bashi da laifi ko kaɗan, ya samu shirun kuma bai rasa gari ba. Matsalar tana farawa ne in mataccen layi yana jikin wani mataccen, shi kuma yana jikin titi mai geti ɗaya. Wanda a gidansa akwai tsoho, ko ɗalibai masu fita kullum, ko mai niyyar buɗe sana'a a ƙofar gida, ko wanda ya san watarana zai tsufa a gidan ya daina tuƙi, shi raga ce tasa, sai dai ya nemi fuloti layi ɗaya ko biyu baya da titin da yafi ɗaukar motoci, kada ya sayi na kan hanyar yanke.

In kuma kai ne mai yanka filin, ko kana cikin kwamitin da zai amince da shi, nauyin a wuyanka yafi yawa. Hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a tana bada shawarar a ware wa tituna aƙalla kashi 30 cikin ɗari na filin, da tituna masu tsawon kilomita 18 a kowace murabba'in kilomita. Shlomo Angel na jami'ar New York shi kuma cewa yake tun gari bai iso ba a fitar da manyan hanyoyi masu faɗin kamar mita 30, tazarar kilomita ɗaya tsakaninsu, ko ba'a zuba kwalta ba a dai kafa alama a biya masu gona diyya tun filin yana da araha, kuma daga 2013 an gwada haka a garuruwan Habasha irin su Hawassa da Adama da Bahir Dar da Mekelle. A ƙaramin mataki kuma, ko hekta biyar kake yankawa, ka bar layi ɗaya ko biyu su tafi har iyakar filinka ta kowane gefe su tsaya a buɗe, ka sa su a takardar awon a matsayin hanya don kada wani ya sayar dasu daga baya, fuloti biyu ko uku zaka rasa, wanda zai yanka gonar da ke bayanka sai ya samu inda zai jona nasa layin.